Kama Da Wane Ba Ta Wane: Yadda Za A Rarrabe Ƙananan Tsuntsayen Gona

A cikin watan Fabrairu na je duba gonakin alkama a wata fadama ta bakin kogin Haɗeja. Alkama ta fid da kai, ta fara ƙosawa, ko'ina ba ka jin kome sai ihun yara masu korar tsuntsu da ƙarar gwangwani. Na iske wani dattijo zaune a inuwar gawo, ga jikansa ya zo da tsuntsaye 6 da ya harbo da danƙo tun safe, ya zube su gabansa yana murna.

Bayan mun gaisa na ce, "Baba, ko ka ba ni izini in duba su?" Ya ce, "Bismilla, Malam, ai duk ɓarayi ne." Muka jera su bisa tabarma, muka feɗe su ɗaya ɗaya. A cikin biyu muka sami ƙwayar alkama da 'ya'yan ciyawa. Sauran 4 ɗin kuwa babu ko ƙwaya ɗaya a ƙundunsu, sai guntayen ƙwari da 'yan tsutsotsi. Dattijo ya riƙe baki, ya ce, "Ashe 'yan ƙodagona na ke sa yaro ya kashe mini!"

Yaron ba shi da laifi. Jan baki in ya sauka cikin alkama, ko ya ji motsi sai ya tashi gaba ɗaya, ba shi da sauƙin samu. Waɗannan kuwa suna nan kusa a bakin gona, suna kiwonsu cikin ƙaya da ciyawa, ba su cika gudun mutum ba, saboda haka su dutse ke samu. An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma a gonakinmu wani ke jawowa, wani ke shan duka. Shi ya sa na ga ya kamata mu yi maganarsu a filinmu na wannan mako.

A FARA DA BAKI

Tsuntsayen da mu ke magana a kai Turawa suna kiran danginsu wabla, watau masu rera waƙa. Mu a nan za mu ce da su masu siririn baki, gama wannan ita ce babbar alamarsu. Tsuntsu mai cin hatsi, kamar jan baki da kabare da gwara, bakinsa gajere ne, mai kauri a gindi, don fasa ƙwaya. Mai cin ƙwari kuwa bakinsa siriri ne mai tsini, kamar tsinke, ba shi iya fasa dawa ko gero. Waɗansunsu su kan haɗiye 'ya'yan itace masu laushi, amma zangarniya ba ruwansu da ita.

Alama ta biyu ita ce taro. Jan baki ba shi tafiya shi kaɗai, sai dubbai, suna tashi kamar hayaƙi. Mai siririn baki ɗaya ɗaya a kan gan shi, ko biyu, yana kutsawa cikin ganye yana leƙa ƙarƙashinsa. Abincinsa darɓa, da ƙananan tsutsotsi, da ƙudaje, da gizo-gizo. Mai lambu da mai noman rani su ne suka fi cin moriyarsa.

BAƘI DA 'YAN GIDA

Masu siririn baki iri biyu ne a ƙasarmu. Akwai 'yan gida waɗanda su ke nan rani da damina, suna sheƙa suna ƙyanƙyasa a wurinmu. Akwai kuma baƙi, waɗanda su ke ƙyanƙyasa a ƙasashen Turai da yammacin Asiya, in sanyi ya gabato can, ƙwari suka ɓace, sai su ƙetare Bahar Rum da Hamada su zo mana cin rani. Su kan fara iso mana a watan Satumba da Oktoba, su koma a Maris da Afril, waɗansu har farkon Mayu. Ba su yin sheƙa a nan.

Fiffike shi ke nuna baƙo. Dubi tsuntsu sa'ad da ya naɗe fukafukansa. In ka ga dogaye ne masu tsini, sun zarce gindin wutsiya, to, matafiyi ne. In gajeru ne masu zagaye, ɗan gida ne, gama wanda ba shi zuwa ko'ina ba shi bukatar dogon fiffike.

YADDA A KE DUBAWA

Kada ka fara da launi. Kusan dukansu ruwan ƙasa ne, ko ruwan toka, ko kore-kore, kuma hasken rana da ƙurar hunturu su kan sāke launin tsuntsu a idon mai kallo. Ka fita da sassafe, ka juya wa rana baya, ka zauna shiru kusa da itace ko bakin ruwa, sa'an nan ka tambayi kanka abu 6 bi da bi.

1. Ina na gan shi, cikin kacalla, ko ƙaya, ko saman itace, ko ciyawa?
2. Yana da farar gira bisa ido, ko babu?
3. Bayansa da zane-zane ne, ko sumul?
4. Ƙafarsa baƙa ce, ko mai haske?
5. Me ya ke yi da wutsiyarsa?
6. Yaya kukansa?

Alama ɗaya ba ta isa a yanke hukunci. Sai ka haɗa biyu ko uku sun yi daidai tukuna ka ce wane ne. Sunayen da zan kira su da su a nan na laƙaba musu ne bisa ga kamanninsu, don a ji sauƙin riƙewa.

NA CIKIN FADAMA

A cikin kacalla da dogayen ciyayin bakin ruwa, irin na fadamun Haɗeja da Nguru da bakin tafkin Cadi, akwai baƙi 3 da su ke rikita mutane.

Na farko shi ne mai farar gira. Shi ne aka fi zalunta, gama da rani shi da jan baki kamar wa da ƙane su ke. Jan baki in ba lokacin ƙyanƙyasa ba ne ya kan tuɓe adonsa, namiji da tamata su zama ruwan ƙasa, da zane-zane a baya, da ɗan haske bisa ido. Mai farar gira shi ma haka ya ke, ga shi kuma cikin kacallar nan da jan baki ke kwana a ciki ya ke zaune. Amma dubi baki. Na jan baki ja ne mai kauri. Na wannan siriri ne mai duhu. Girarsa faffaɗa ce, fara kamar madara, da baƙin layi bisa gare ta, ƙugunsa kuwa jaja-jaja ne babu zane. Uku daga cikin huɗun nan da yaro ya harbo irinsa ne. Nauyinsa kamar giram 12 ne, amma in zai koma gida ya kan tara kitse har ya kusa ninka wannan.

Na biyu shi ne sumul na kacalla. Girmansu ɗaya da na farko, wurin zamansu ɗaya, amma shi bayansa ba zane ko kaɗan, ruwan ƙasa ne sumul, girarsa kuwa ɗan dishi-dishi ce, ba ta wuce ido. Goshinsa a kwance ya ke, bakinsa ya ɗan fi tsawo. Ya kan kama karan kacalla a kaikaice yana hawa yana sauka. Yana da ɗan'uwa ɗan gida mai kama da shi ƙwarai, sai dai fiffiken ɗan gidan ya fi gajarta. In ka ga sumul a fadama tsakiyar damina, a Yuli ko Agusta, to, ɗan gida ne.

Na uku shi ne babban na kacalla. Kamar an ɗauki sumul an hura shi, ya kai kabare tsawo, nauyinsa kamar giram 30. Bakinsa ƙaƙƙarfa ne, girarsa ta fi ta sumul fita. In ya sauka bisa kara, har karan ya tanƙwara. Muryarsa kakkaura ce mai gurnani kamar ta kwaɗo, ana jin ta daga nesa, ko ba ka gan shi ba ka san yana nan.

NA CIKIN ƘAYA

Mu bar fadama mu hau tudu, inda a ke da aduwa da dushe da farar ƙaya da shingen gona. Nan ma baƙi 3 ne.

Mai farin maƙogwaro shi ya fi yawa. Maƙogwaronsa fari fat, kan namiji ruwan toka, na tamata ruwan ƙasa. Abin da za ka nema a jikinsa shi ne launin tsatsa bisa fiffike, namiji da tamata duk suna da shi. Ƙafarsa mai haske ce, wutsiyarsa doguwa da farin gefe. In ka dame shi sai ya ta da gashin kansa ya yi maka 'yar tsawa daga cikin ƙaya.

Ƙaramin mai farin maƙogwaro ya ɗan fi shi ƙanƙanta. Shi ba tsatsa a fiffikensa, ƙafarsa baƙa-baƙa ce, kuma yana da duhu daga ido zuwa kunne kamar wanda ya sha kwalli ya goga. An fi ganinsa ta gabas, wajen Borno da ƙasar Cadi har zuwa Sudan. Saboda haka in ka ga farin maƙogwaro, dubi fiffike, sa'an nan ka dubi ƙafa. Tsatsa da ƙafa mai haske, babban ne. Ba tsatsa, ga baƙar ƙafa, ƙaramin ne.

Na uku shi ne mai farin gashin baki. Namiji ba shi da wuyar ganewa, bayansa ruwan toka, maƙogwaro da ƙirji launin jan bulo, da farin layi ya sauko daga gefen baki, idonsa kewaye da jan zobe. Tamata ce mai rikici, gama launinta ya koɗe, ta yi kama da mai farin maƙogwaro. Amma ta fi shi ƙanƙanta, wutsiyarta ta fi gajarta, tsatsar fiffikenta ba ta fita sosai, kuma in ka lura da kyau za ka ga alamar farin layin nan.

NA SAMAN ITACE

Nan ne aikin ya fi wuya, har waɗanda suka daɗe suna yi su kan yi kuskure.

Akwai 'yan mitsi-mitsi biyu, kore-kore, masu ɗan rawaya a ƙirji da siririyar gira. Kowannensu nauyinsa bai wuce giram 10 ba, watau kamar ƙwayar sukari biyu. Ɗaya ƙafarsa mai haske ce, fiffikensa dogo, girarsa ta fita sarai. Shi ne ya fi yawa, amma a arewa ratse ya ke yi, a kan gan shi da kaka yana gangarawa kudu, da bazara kuma yana komowa. Ɗayan, wanda Turawa ke kira cifcaf saboda haka kukansa ya ke, ƙafarsa baƙa ce, fiffikensa gajere, launinsa ya fi duhu, kuma kullum yana dangwasa wutsiya ƙasa yayin da ya ke kiwo. Shi kaɗan ne ke iso mana, galibi kusa da ruwa a can arewa. A lura, a kan sami na farkon mai ƙafa da duhu, saboda haka kada a dogara ga ƙafa kaɗai, a haɗa da fiffike da wutsiya.

Sa'an nan akwai masu ruwan ɗorawa biyu, sun fi waɗancan girma, bakinsu ya fi faɗi, cikinsu rawaya ne tun daga maƙogwaro. Ɗaya fiffikensa gajere ne, ƙafarsa ruwan ƙasa, shi ke cin rani a Afirka ta Yamma. Ɗayan fiffikensa dogo ne da ɗan haske a tsakiyarsa, ƙafarsa shuɗi-shuɗi, shi kuwa wucewa ya ke yi zuwa kudancin Afirka. Ka ga dai maganar nan ta fiffike, wanda tafiyarsa ta fi nisa shi ya fi dogon fiffike.

Akwai kuma mai ruwan toka-toka, mai dogon baki, wanda a kan gani cikin bagaruwa da gawo har cikin gari. Ya yi kama da sumul na kacalla, amma shi ba ja-ja a jikinsa, wutsiyarsa kuwa a yanke ta ke daidai, da ɗan fari a gefe. Da ana ɗaukarsa iri ɗaya ne, daga baya masana suka raba shi biyu. Wanda ke dangwasa wutsiya ƙasa a kai a kai, shi ne na gabas, a cikinsu har da 'yan gida masu sheƙa a ƙasarmu. Wanda ba shi dangwasawa, mai baki faffaɗa, baƙo ne daga Sifen da arewa maso yammacin Afirka.

Na ƙarshe shi ne marar alama. Ba gira, ba zane, ba fari a wutsiya, jikinsa a cike, kansa a zagaye, bakinsa gajere ya ɗan yi kauri. Rashin alamar ita ce alamarsa. Saboda bakin nan nasa waɗansu su kan zaci mai cin hatsi ne, alhali ƙwari da 'ya'yan itace ya ke ci. A dajin Amurum, kusa da Jos, inda a ke da cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis, an kama irinsa da yawa da kaka da bazara, an auna su, an sa musu zobe, an sake su.

'YAN GIDA

Waɗannan ba su da wuya, gama kowannensu da halinsa. Mai doguwar wutsiya siririya, wadda ya ke ɗagawa sama yana kaɗawa, da farar gira, da ɗan ja-ja a haƙarƙari, shi ne na shinge da bakin gona. Ɗan ƙaramin nan na cikin ciyawa mai zane-zane a baya, da gajeriyar wutsiya mai farin baki, a sama za ka san shi, yana tashi yana lilo, kowane lilo da kuka ɗaya, tsit, tsit, tsit. Mai kukan ɗan akuya kuwa bayansa ruwan toka ne, fukafukansa kore, yana cikin duhuwa kusa da ƙasa da wutsiya a ɗage. Shi ne maɗinki, ya kan huda ganye ya ɗinke su da saƙar gizo-gizo, ya yi sheƙa a ciki. Akwai kuma gundumi, wanda in ka gan shi sai ka ce an cire masa wutsiya, alhali haka Allah ya halicce shi.

ME YA SA ZA MU DAMU?

Wani zai ce, to, na gane mai siririn baki ba ɓarawo ba ne, me ya kai ni rarrabe su ɗaya ɗaya? Amsa ita ce, tsuntsayen nan suna ba da labarin ƙasa, amma sai wanda ya san su ke jin labarin.

A shekara ta 1967 waɗansu masana daga Ingila suka zauna a Malamfatori, bakin tafkin Cadi, suna auna baƙin nan kafin su tashi. Suka ga cikin 'yan makonni su ke tara kitsen da zai ƙetar da su Hamada, tafiyar da ta fi kilomita 1,500 ba ci ba sha. Abin da ke ba su kitsen nan shi ne 'ya'yan itacen asawaki da ƙananan ƙudajen ruwa masu kama da sauro. A 1968 ruwa ya yi ƙaranci a ƙasashen bakin Hamada. Da bazarar 1969 ta zo, mutanen Ingila suka nemi mai farin maƙogwaro suka rasa, fiye da kashi biyu cikin uku ba su koma ba. Sai daga baya aka gane fārin da ya taɓa gonakinmu shi ya kashe su, fārin nan kuwa shi ne ya yi ta tsananta har ya kai ga yunwar 1973. An kuma tabbatar mai farar gira haka ya ke, shekarar da fadamu suka cika a nan, da yawa ke komawa Turai, shekarar da suka ƙafe kuwa kaɗan.

Har wa yau masu bincike daga ƙasar Holan, waɗanda suka ƙidaya tsuntsaye itace bayan itace daga Sanagal zuwa gabas, sun ga baƙin nan ba kowane itace su ke sauka ba. Sun fi son gawo, da aduwa, da itatuwan ƙaya, da asawaki. Darbejiya da turare kuwa da ƙyar su ke leƙa su. Dalili a fili ya ke. Gawo da rani ya ke ganye da fure, sa'ad da sauran itatuwa suka kaɗe, a nan ƙwari ke taruwa. Kowane manomi kuwa ya san yadda gero ke kyau a gindin gawo, da yadda awaki ke ƙiba da 'ya'yansa. Ashe itacen da ke gyara gona shi ne masaukin 'yan ƙodagon nan. Wanda ya lura na ƙaya sun ragu a ƙauyensu, sai ya ƙirga itatuwan da aka sare. Wanda ya lura na fadama sun ragu, sai ya dubi ruwa.

ABIN DA NA KE ROƘO

Na farko, iyaye su nuna wa yara masu tsaron gona bambancin bakin nan biyu. Ba a hana korar jan baki ba, ɓarnarsa ba ƙarama ba ce, amma a bar mai siririn baki ya yi aikinsa.

Na biyu, masu unguwanni da malaman ofis masu kai rahoton makwancin jan baki su tabbata da idonsu tukuna. Maganin da a ke fesawa ba shi tambayar sunan tsuntsu, duk abin da ya kwana a kacallar nan ya kan mutu tare.

Na uku, in kuna share gona, ku bar 'yan gawo da aduwa da suka tsiro da kansu, ku yi musu sassabe su tashi.

Na huɗu, wanda ya tsinci tsuntsu da zoben ƙarfe a ƙafa, kada ya ji tsoro, ba asiri ba ne. Tun 1899 wani malamin makaranta a ƙasar Danmak, Mortensen, ya fara wannan dabara don a san inda tsuntsaye ke zuwa. A rubuta lambar da ke jikin zoben, da sunan garin da ke rubuce, da ranar da aka same shi, da wurin, a kai wa malamin gona ko ma'aikacin daji mafi kusa. In tsuntsun yana da rai, a kwafe lambar a sake shi da zobensa.

Kada wanda ya fita gobe ya kasa rarrabe su ya karai. Ka fara da biyu kaɗai, mai farar gira da jan baki, in sun zauna a idonka sai ka ƙara. Sannu ba ta hana zuwa. Idon da ya saba da wannan aiki kuwa shi ne zai fara ganin darɓa a bayan ganye tun ba ta cinye lambu ba.

Yaron nan da na ba ku labari, da na koma bayan mako biyu shi ya ja hannuna zuwa bakin ruwa, ya nuna mini babban na kacalla, ya ce ta murya ya gane shi. Allah ya ba mu amfani mai albarka, amin. Sai mako mai zuwa.

Daga Malamin Gona